Ƙafar Sista Danne

Autarmu ta zama shugabar sashe a makarantar koyon aikin jinya. An ba ta ofis mai labule, da kujerar nan mai juyawa, da yarinyar da ke share mata tebur. Duk wanda zai ji haushi ya ji, wallahi ko a jikinmu. Yarinyar da aka ce hannunta ba zai ƙara moruwa ba, yau da hannun take nuna wa manyan mutane wurin zama.

Amma kafin kujera akwai ƙafa. Ƙafar hagu ce ta wata tsohuwa, da ta shigo asibiti tana jan ta. Likita ya ce idan ana wanke ciwon kullum ƙafar za ta tsira, idan aka yi sakaci za a yanke. Labarin ƙafar nan shi ne labarin Auta, sai dai daga hannu ya faro.

Tana 'yar shekara bakwai risho ya fashe a ɗakin girki. Inna ta fita shanya, Auta ta tsuguna tana kallon yadda wutar ke canja launi. Kananzir ya watsu mata tun daga kafaɗar dama har wuyan hannu. Wutar kam ba ta daɗe ba, da bargo aka kashe ta. Abin da ya daɗe shi ne wankin ciwo.

Ɗakin wankin ciwon yana can ƙarshen baranda, kusa da inda ake tara zannuwan gado masu datti. Gado ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa jar leda mai sanyi. Sai tiren ƙarfe, da almakashi, da auduga, da kwalbar ruwan gishiri. Mai ɗakin wata ƙaƙƙarfar nas ce da ke rataye agogo a ƙirji. Masu jinya ba su san sunanta na yanka ba. Sista Danne suke ce mata, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Yaro na shigowa, babu sannu, babu ya jiki.

"Danne min ita."

Mutum biyu a ƙafafu, ɗaya a ƙirji. Bandeji ya kwana ya bushe ya manne da nama. Ana iya jiƙa shi da ruwan gishirin nan, a ɗan jira, ya saki da kansa. Sista Danne ba ta jira. Sai ta kama bakinsa, ta dubi agogonta, ta fizge.

Idan Auta ta ƙwalla ƙara, ta ce, "Ihu kike min? Da za ki je wasa da wuta kin gayyace ni?"

Idan fitsari ya ƙwace mata a kan ledar, sai Sista ta leƙa baranda ta kira Inna. "Zo ki kwashe tukuicin da 'yarki ta ba mu. Yi sauri, layi ne a waje."

Hannu dai ya warke. Fatar ta tattare kamar ledar da ta kusanci wuta, gwiwar hannun ba ta miƙewa sosai, amma yatsu biyar suna nan suna aiki. Wanda bai warke ba shi ne wanda ba a gani. Idan cokali ya faɗa kan tire, Auta sai ta sandare. Idan tela ya yage yadi, ta fita da gudu ba takalmi. Yaran layinmu, 'yan banza, suka gano lagonta. Sai su laɓe a bayan katanga, tana wucewa da bokiti su haɗa baki: "Danne min ita!" Ta tsaya cak, ruwa na zuba, wani ruwan na bin ƙafarta. Gasasshiya suke kiran ta. Iyayensu na ji, suna dariya.

Shi ya sa ranar da ta ce aikin jinya za ta karanta, Inna ta ajiye tsintsiya ta kalle ta.

"Ke? Ke da ko ƙofar kemis ba kya iya bi?"

Auta ta ce, "Inna, na gaji da zama wadda ke kwance. Ta tsayen nake so in zama."

Ta kuwa zama. Ta yi karatu, ta yi aikin ɗakin haihuwa, ta yi na ɗakin 'yan haɗari, kullum cikin riga mai dogon hannu ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Daga baya aka ɗauke ta koyarwa. Aka tura ta wani kwas, ta dawo da sabon darasi wanda tsofaffin nas suka ce ɓata lokaci ne.

Darasin ba shi da wuyar ganewa. Cewa take majinyaci ba da ciwon yau kaɗai yake zuwa asibiti ba. Yana zuwa da duk abin da ya taɓa firgita shi, na duka ne, na haɗari ne, na wani hannu ne da ya taɓa shi ba da sonsa ba, kuma ba a rubuce yake a goshinsa ba. Saboda haka kada ki ɓullo masa ta baya. Kada ki tsaya masa a ka kamar mai bin bashi, jawo kujera. Faɗa masa abin da za ki yi kafin ki yi. Ki tambaye shi ko ya yarda. Idan ya ce a'a, ki ɗauke hannunki.

A aji da mutum-mutumin roba suke gwadawa. Auta ta sunkuya gabansa ta ce, "Baba, zan ɗaga rigarka. Ka yarda?" Ɗalibai su yi ta ƙunshe dariya. Shugabar ajin, wata mai tsawo da baki da suke kira Doguwa, ta ɗaga hannu.

"Malama, Baba ya ce bai yarda ba. Mu tafi cin abinci?"

Aji ya tuntsire. Auta ma ta yi murmushi, ta ce a'ar majinyaci ba sallama ba ce. Ana ɗauke hannu ne, a zauna, a ji me yake tsoro, a tafi a dawo, a sake dawowa har a samu. Amma lokacin tashi ya yi, ana ta jan kujeru, rabin ajin ba su ji ba. Ta ce za su yi wannan ɓangaren sosai a gaba. Tun daga ranar suka raɗa mata Malama Kin-yarda. Suna son ta fa, so na gaske. Jakarta ma rige-rigen ɗauka suke.

Wata safiya ta kai su ɗakin mata don su ga wankin ciwo a jikin mutum. Suna shiga, wata budurwa a gadon tsakiya tana ta fizge-fizge ta ƙi allura. Sai wata murya ta taso daga gadon da ke bakin taga.

"Kun tsaya kuna kallon ta? Ku danne ta mana!"

Auta ba ta juya ba tukuna. Hannunta na dama ne ya fara ji, ya ɗauki ƙaiƙayi tun daga kafaɗa. Da ta juya, sai ta ga wata 'yar tsohuwa ta zube a kan filo, wuya duk jijiya, ido ɗaya ya yi fari. Babu agogo, babu ƙirjin ma. Ƙafarta ta hagu na kan matashi, an naɗe ta daga idon sawu zuwa ƙauri. Ciwon suga ne ya buɗe mata gyambo. Babu kwano a gefen gadonta, babu tabarmar mai jinya a ƙasa. Ita kaɗai ce.

Nas ɗin ɗakin ta gaya wa Auta abin da likita ya ce game da ƙafar. Auta ta gyaɗa kai. Akwai masu ciwo birjik a ɗakin da za ta iya zaɓa. Ta ce a turo tire gadon bakin taga.

Ta jawo kujera ta zauna, kamar yadda take koyarwa.

"Sannu, Iya. Ni malamar waɗannan yaran ce. Zan wanke miki ƙafa, su kuma su kalla. Kin yarda?"

"Su kalla mana. Ni ma Sista ce, tun ba a haifi iyayensu ba."

Auta ta sa safar hannu. Ta ce za ta zuba ruwan gishiri, zai yi sanyi. Ta zuba a hankali, ta jira.

Tsohuwa ta ja tsaki. "Wannan jiƙe-jiƙen na mene ne? Wanki za ki yi ko shuka? A zamaninmu da tuni na sallami mutum goma."

Baki ne ke faɗin haka. Hannuwanta kuwa sun damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun tashi, yatsun ƙafarta mai lafiya sun dunƙule. Auta ta gani. Aikinta ke nan, ganin irin wannan. Matar nan ta fi kowa a duniya sanin yadda busasshen bandeji ke barin nama, kuma tsoro ya cika ta fal. A darasi, nan ne ake cewa, Iya, me kike tsoro? Kalmar ta zo wa Auta har bakin leɓe.

Sai ta cire safar hannun dama. Ta ɓalle maɓalli, ta naɗe hannun rigarta har sama da gwiwa. Ɗalibanta ba su taɓa ganin tabon ba. Wata ta dafe baki.

"Kafin bandeji ya saki, bari in ba ku labari," in ji Auta, da muryar nan tata mai laushi. "Wata yarinya ce 'yar shekara bakwai."

Ta ba su duka. Jar leda, da mutum biyu a ƙafa ɗaya a ƙirji, da tukuicin da ake kiran uwa ta kwashe. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kalli tsohuwar ba sai idan za ta tambaye ta. "Iya, zan ƙara ruwa. Kin yarda?" Ta ƙara, ta ci gaba. Ta faɗi agogon ƙirji. Ta faɗi yaran layi da bokiti. Ɗakin ya yi tsit, har budurwar allura ta daina kuka. Da ta zo kan kalmar, sai ta faɗe ta da irin muryar mai ita.

"Danne min ita."

Tsohuwa ta ce, "Yara nawa suka bi ta hannuna? Ni ban san ki ba."

"Ai ban ce ke ce ba, Iya."

Doguwa ta kalli tsohuwar, ta kalli tabon. Duk suka kalla. Auta ta sa sabuwar safa, ta kai hannu ta kama bakin bandejin da yatsu biyu. Ya jiƙu sarai, da ta ɗaga zai biyo ta kamar ɓawon ayaba.

"Zan ɗaga yanzu. Kin yarda?"

Tsohuwa ta zuba wa hannun ido, wannan tattararren hannun da ke riƙe da bakin bandejinta.

"Ban yarda ba."

Auta ta saki. Ta ɗaga hannuwa biyu sama don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Ta ce a'a. Sai mu tsaya."

Ta rufe ƙafar da tsabtataccen ƙyalle, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tura tire suka fita. Wallahi ko alƙali bai isa ya ce ta yi laifi ba.

Wankin ciwon ɗakin a wannan zangon a hannun ɗalibai yake, nas ɗin ɗakin su biyu ne a kan gado fiye da talatin. Washegari Doguwa ta turo tire. Ba ta jawo kujera ba. Ta tsaya a ƙarshen gado, ta ɗaga almakashi ta sake shi kan tire, ƙwal.

"Sista, wanki. Kin yarda, ko a danne ki?"

Na bayanta suka ƙyalƙyale.

"Ban yarda ba. Ku kira min babbar nas."

"Tana aiki. Layi ne a waje, Sista."

Suka wuce gado na gaba, inda suka zauna suka yi wa wata mata wanki da lallashi kamar uwarsu. Aka gaya wa nas ɗin ɗaki cewa ta bakin taga ta ƙi. Nas ta ce to, ta ruga wajen mai jijjiga. Haka aka yi washegari, haka aka yi wanshekaren. Kowace ɗaliba da irin tata tambayar. Wata ta tambaya tana yage filasta a hankali kusa da kunnen tsohuwar. Wata ta tambaya tana duba agogon hannunta. Babu wadda ta taɓa ta ko da ɗan yatsa. Sun bi darasi.

Tsohuwa ta gwada yi da kanta. Ta roƙi auduga, ta sunkuya, bayanta ya ƙi, idonta bai ga wurin ba. Ta tambayi wance da wance, abokan aikinta na da. Aka ce wannan ta rasu, waccan tana wajen 'ya'yanta, ɗayar ba a ma taɓa jin sunanta ba.

Auta ta sani. Doguwa da kanta ta zo ta gaya mata a bakin aji, tana washe baki kamar wadda ta kawo tsaraba.

"Malama, mutuniyarki har yau ba ta yarda ba."

Kun koma? Kun zauna kun ji dalili? Tambayar na nan a bakin Auta, ita ta ƙirƙiro ta ma. Ta haɗiye ta, ta ce su shiga aji. Ranar ta koyar da awon zafin jiki. Ta daina bi ta barandar ɗakin mata, sai ta zagaya ta bayan ɗakin gwajin jini, ta ce wa kanta hanyar ta fi inuwa. Kullum tana cewa gobe za ta leƙa. Abincinta ya ragu. Amma in za a faɗi gaskiya, hannun nan bai ƙara yi mata ƙaiƙayi ba.

Wari ne ya tona. Na kusa da gadon suka ce a matsar da su. Aka kewaye tsohuwar da labule, ƙudaje suka samu wurin zama. Da likita ya zo zagaye ya sa aka buɗe, yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya fara hawa. Ya yi faɗa kamar zai rushe ɗakin. Kowa ya ce ita ta ƙi. Ya tambaye ta, ta ce e, ita ta ƙi. Ya ce to sai yanka, ƙasan gwiwa, kuma ba a jira.

Ta ce ba za ta amsa wa kowa ba sai an kira mata mai tabon nan.

Auta ta zo. Ta shiga bayan labule ita kaɗai, ta jawo kujera.

"Miƙo hannun," in ji tsohuwa.

Ba ta jira an yarda ba, ta cafke shi. Ta tura rigar sama, ta bi tabon da babban yatsa tun daga wuyan hannu har gwiwa, tana latsawa kamar mai zaɓen kaya a kasuwa.

"Dunƙule. Buɗe. Biyar cif." Ta saki. "Fuskarki ban san ta ba, amma wannan aikina ne. Ƙuna irin wannan, a wancan lokacin, rabi guntulewa suke. Ni na danne ki, kin tashi da hannu. Ke kin tambaye ni, zan tashi ba ƙafa. Da kin danne ni, 'yar nan."

Auta ta janye hannunta.

"Ruwan gishirin yana kan tiren, Iya. Kullum ina kwance ina kallon kwalbar."

"Layi ne a waje."

Shi ke nan abin da ta samu. Babu yi haƙuri, babu komai. Auta ta sauke hannun rigarta ta ɓalla maɓalli.

"Likita zai yanke daga ƙasan gwiwa. Idan ba a yi ba zai hau. Kin yarda?"

Tsohuwa ta yi wata dariya mara daɗin ji. "In na ce a'a fa?"

"Zan zauna. In kin kore ni in tafi in dawo. In sake dawowa."

"Da can ina kika shiga?"

Daga ƙarshe dai tsohuwa ta yarda a yanke.

Da ake tura ta ɗakin tiyata, a bakin ƙofa tsoro ya ƙwace mata, ta kama ƙarfen ƙofar ta ƙi saki. Masu turin gado suka kalli juna, ɗaya ya fara naɗe hannun riga. Auta ta girgiza masa kai. Ta miƙa wa tsohuwar hannunta na dama. Tsohuwa ta saki ƙofa ta kama shi, ta nitsa farata a cikin tabon har jini ya fito. Haka suka shiga. Aka fito da ƙafar daban, a naɗe cikin leda.

Makaranta ta zauna a kan maganar. Doguwa ta yi kuka ta ce abin da aka koya musu suka yi. Aka tambayi ajin ko Malama ta taɓa cewa a'ar majinyaci ba sallama ba ce. Waɗanda suka ji ranar suka ce ta faɗa. Aka mayar da Doguwa baya shekara guda, aka cire ta daga shugabancin aji. Ita kuwa Auta aka ce darasinta ne maganin irin wannan ɓarnar, a faɗaɗa shi, kowane aji ya yi. Da tsohon shugaban sashe ya yi ritaya, wa za a ba in ba ita ba?

Ranar da labari ya iso gida mun yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, cikinsu har da iyayen yaran nan na bayan katanga. Inna ta ce alhaki ne ya kama tsohuwa. Mu dai mun ce ƙafa ɗaya ma an yi mata rangwame. Auta ta tashi ta shiga ɗaki.

Yanzu da ɓangaren komawa take fara darasinta, kafin ma a zo kan tambaya. Labarin yarinya 'yar shekara bakwai kuwa ba ta ƙara ba wa kowane aji ba. Kujerar mai juyawa ma ba ta cika zama a kai ba, mu ne in mun je muke juyawa son ranmu.

Dungulmin bai gama warkewa ba, masu suga haka suke. Ranar wanki za ka ji sandar tsohuwa tun daga farkon baranda, ƙwas, ƙwas. Auta na ji take miƙewa, ko da baƙi a ofis. Ba ta bar wa ɗalibai. Ta jawo kujera, ta zuba ruwan gishiri, ta naɗe hannu tana jira. Tsohuwa ta damƙe ƙarfen gado, zufa na keto mata, jiran ya fi mata fizgar ciwo.

"Ke, fizge mana a huta!"

Auta ta ƙara zuba ruwa.

"Ban yarda ba, Iya."